Sirrin Gudun Jirgin Ruwa Mai Inji

Wataƙila wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai yi dariya ya ce, me ya haɗa mutumin Hotoro da jirgin ruwa, alhali kuwa in ban da kududdufin damina babu ruwan da zai ɗauki ko da ƙwarya a unguwar? To, mai wannan tambaya yana da gaskiya. Amma kada mu manta Jihar Kano tana da manyan madatsun ruwa. Akwai ta Tiga wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye wadda aka gama a 1992, da kuma ta Watari a Bagwai. A kan waɗannan ruwaye masunta da masu fito suke neman abincinsu, wasu da sanda da filafili, wasu kuwa da inji. Idan injin ya yi ciwo, birni ake kawo shi, domin a nan kanikawa da kayan gyara suke.

Kawuna bakanike ne. Ya koyi aiki a wata masana'anta a Bompai, da aka rufe ta sai ya kafa rumfarsa a Hotoro, yana gyaran janareto da injin ban ruwa. A nan nakan yi hutuna ina miƙa sifana ina wanke kafireta. Ran nan da hantsi sai ga wani masunci daga wajen Tiga ya sauke injin jirgi mai ƙarfin doki 40 daga bayan a-kori-kura. Bayan an gaisa ya ce, "Malam, so nake ka buɗe mini injin nan ya riƙa gudu. Kullum abokan sana'ata suna riga ni zuwa gaɓa, kafin in iso dillalai sun gama saye, sai in sayar da kifina yadda aka taya. Ga mai yana sha kamar rairayi." Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san lita ɗaya ba abin zubarwa ba ce.

Kawu ya dube shi ya yi murmushi ya ce, "Sarkin Ruwa, ba a buɗe inji kamar buhun gero. Bari mu tambaye shi abin da ke damunsa tukuna." Abin da na gani a ranar, da abin da na ƙara bincikawa a darasin kimiyya da muka dawo makaranta, shi ne nake so in bayyana a nan.

Da farko dai ya kamata mu san irin injin da ake magana a kansa. Shi ne wanda ake rataya shi a bayan jirgi, kansa a sama, ƙafarsa a cikin ruwa, a ƙarshen ƙafar kuma akwai farfela. Wani mutum mai suna Ole Evinrude ne ya ƙera irinsa da ya karɓu a kasuwa a Amurka a 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuwa ya fitar da nasa na farko a 1960. Galibin waɗanda masuntanmu ke amfani da su masu bugu biyu ne, watau irin ƙaramin janareton nan da ake gauraya masa fetur da man inji a tanki guda.

Abu na farko da Kawu ya yi shi ne kwance fulogi. Muka tarar da su baƙi ƙirin, sun yi jiƙe-jiƙe da mai. Ashe mutumin yana zuba man inji da ka ne, ba ya aunawa, wai don yana ganin yawansa zai ƙara wa injin ƙarfi. Wannan kuskure ne. Yawancin irin waɗannan injuna kashi 50 na fetur suke so a kan kashi 1 na man inji, watau rabin lita a tanki mai lita 25, sai dai in littafin injin ya faɗi wani abu dabam. In man ya yi yawa, fulogi ya toshe, hayaƙi ya turnuƙe, ƙarfi ya ragu. In kuwa ya yi kaɗan, fistin ya yi zafi ya kama, an yi asarar inji gaba ɗaya. Haka kuma muka sami ruwa da ƙasa a gindin kafireta, irin wanda ke biyo fetur na jarka. Sai aka wanke, aka sa matata sabuwa.

Sa'an nan muka cika duro da ruwa, muka tsoma ƙafar injin a ciki kafin a ja igiya. Dalili kuwa shi ne, da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa. Akwai wata 'yar fanka ta roba a cikin ƙafar wadda ke zuƙo ruwa ta tura shi sama, kuma idan aka tada injin a bushe, nan da nan robar take ƙonewa. Matuƙi mai hankali kullum idonsa na kan ɗan siririn ruwan nan da ke tsartuwa daga gefen inji. Da zarar ya ɗauke, to, a kashe.

Injin ya tashi sumul, amma Kawu bai gamsu ba. Ya sunkuya ya goge farfela ya karanta lambobin da ke jikinta, sai ya girgiza kai. A nan ne babbar matsalar take. Kowace farfela tana da lambobi biyu, misali 11 x 13. Na farkon faɗinta ne a inci. Na biyun kuwa shi ne takunta, watau nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce a cikin itace take shiga kamar sukuru. Masuncin nan ya ji an ce farfela mai dogon taku ta fi gudu, sai ya cire tasa ta asali ya sayo wadda ta fi ta da inci 4.

Ga lissafi ga masu son lissafi. A ce inji yana juyi 5,000 a minti ɗaya, giyar da ke ƙafarsa kuma tana raba wannan biyu, farfela ke nan tana juyi 2,500. Inci 13 daidai yake da santimita 33. Idan muka ninka, za mu sami mita 825 a minti, ko kuwa kilomita 49 da rabi a awa. Amma ruwa ba itace ba ne, farfela tana zamewa a cikinsa, saboda haka gudun gaskiya kullum yana ƙasa da wannan, kuma gwargwadon nauyin jirgi gwargwadon zamewar.

To, me zai hana a yi ta ƙara taku? Duk wanda ya taɓa hawan keke mai giya ya san amsa. In ka sa babbar giya a kan hawa, kana ɗauke da buhun masara, ƙafarka ba za ta iya juya feda ba. Haka inji yake. Masu ƙera irin wannan sun tsara shi ya ba da cikakken ƙarfinsa ne tsakanin juyi 4,500 da 5,500 a minti idan an murɗa totur har ƙarshe. Kowane inci ɗaya da aka ƙara a taku yana rage juyi 150 zuwa 200. Mutuminmu ya ƙara inci 4, ya zubar da juyi wajen 700 ke nan, injin yana ta nishi bai kai inda ƙarfinsa yake ba, ga shan mai, ga zafi. Idan kuma takun ya yi gajarta ƙwarai, injin zai yi ta ƙara ya wuce iyakarsa, jirgi bai tafi ko'ina ba. Saboda haka farfela mafi kyau ita ce wadda za ta bar inji ya kai juyin da aka tsara masa da irin kayan da jirgin ya saba ɗauka. Kawu ya sa aka nemo irin ta asali. Ya kuma gargaɗe shi cewa fiffike ɗaya in ya lanƙwashe a kan kututturen da ke ƙarƙashin ruwa, ya isa ya rage gudu ya kuma kawo jijjiga, don haka kada a daddaƙe shi da dutse, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe irin na Sharaɗa su daidaita.

Bayan haka sai ya shiga tambayarsa labarin jirgin kansa. Yaushe rabon da a kife shi a kankare gansakuka? Ruwa nawa ke kwana a cikinsa? Ina ake tara kaya? Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ɗan kaushin da ba zai dami mota ba yake riƙe jirgi. Kowace lita ta ruwan da ya yoyo ciki kilo ɗaya ce da ake ɗauka kyauta. Kaya in sun taru a baya, hancin jirgi ya ɗaga yana ture ruwa. In sun taru a gaba, ya riƙa noma. Shi ma injin sai an rataya shi daidai: faffaɗan ƙarfen nan da ke bisa farfela ya zama kusan daidai da ƙasan jirgi. In ya yi sama, farfela ta sha iska ta yi ta wulwulawa a banza. In ya nutse da yawa, ƙafar ta zama birki. Ciyawar ruwa da tsohuwar koma da ke naɗe farfela su ma ɓarayin gudu ne.

Akwai kuma abin da ba mai iya gyarawa. Kano tana bisa teku da mita wajen 480, iska kuwa tana raguwa in ana hawa, har inji yakan rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100. Doki 40 a Ikko ya zama wajen 38 ke nan a Tiga, zafin bazara kuma ya ƙara rage wani abu.

Da aka gama, masuncin ya ce, "To Malam, in na samu hali na sayi mai doki 75 fa, ai gudun zai ninka ko?" Kawu ya ce masa a'a, amma ni sai a makaranta na gane dalili. Wani injiniya Bature mai suna William Froude ya yi gwaje-gwaje a Ingila a shekarun 1870, ya nuna cewa jirgin da ke ratsa ruwa yana tada igiyar ruwa da kansa, kuma in gudu ya ƙaru sai ya zama yana ƙoƙarin hawan tudun da shi ya tara a gabansa. Ana iya kimanta wannan iyaka: a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsawon jirgi a mita, a ninka ta da huɗu da rabi. Jirgi mai mita 9 zai ba da kilomita 13 da rabi a awa, mai mita 16 kuwa kilomita 18. Siririn kwalekwale yakan ɗan zarce wannan, ƙaramin jirgi marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kuma yakan hau bisa ruwa ya yi ta sulɓi. Amma jirgin katako da aka danƙare da kaya, da ya kusanci iyakarsa, duk man da aka ƙara masa igiyar ruwa kawai zai ƙara. Tun kafin a kai nan ma, mai son ninka gudu biyu yana bukatar ƙarfi kusan ninki takwas. Mai hikima yakan sassauta totur kaɗan, ya isa bayan 'yan mintoci, rabin mansa na tanki.

Turawa ma sun ɗanɗana kuɗar neman gudu a kan ruwa. Donald Campbell ya rasa ransa a tafkin Coniston na Ingila ran 4 ga Janairu, 1967, yana ƙoƙarin kafa tarihi. Ken Warby ya yi kilomita 511 a awa a wata madatsar ruwa a Ostareliya ran 8 ga Oktoba, 1978, da jirgi mai injin jirgin sama. Amma su kansu kaɗai suka sa a haɗari. Mai fito kuwa rayukan jama'a ne a hannunsa.

Ba za mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, sa'ad da jirgi ya kife a ruwan Bagwai ɗauke da mutanen ƙauyen Badau za su wajen Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara ne 'yan Islamiyya, ƙannenmu, kuma rahotanni sun ce lodi ne ya yi yawa. Allah ya jiƙansu. Jirgin da ya nutsa har ruwa ya kusa bakinsa, igiyar da shi kansa ya tayar ko kwana ɗaya cikin gudu ta isa ta cika shi. Babban inji a bayan tsohon katako kuma yana iya ɓalle allon da aka rataya shi.

Saboda haka ina kira ga iyayenmu, musamman na garuruwan bakin ruwa, da kada su yarda 'ya'yansu su shiga jirgin da ya cika, ko a yi tafiyar dare, kuma su nemi rigar kariya ta ruwa ko da za a yi musu dariya. Mu kuma ɗalibai, kada mu ɗauki lissafi da kimiyya abin cin jarrabawa kawai. In mun je hutu, mu karanta wa iyayenmu da yayyenmu littafin inji, mu auna musu mai.

Bayan mako uku masuncin ya aiko wa Kawu da ƙullin bandar kifi, da saƙon cewa har yanzu akwai mutum biyu da ke riga shi zuwa gaɓa, amma man da yake ƙonawa a kwana biyu yanzu yana kai shi uku. Kawu ya ce da ni, "Ɗan boko, rubuta wannan a littafinka: sauri ya haifi nawa." Na kuwa rubuta. Allah ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa, amin.