Marsandi 380SL: Suna Ɗaya, Ƙarfi Daban

Tambaya: Malam, ni da abokina kowannenmu yana da tsohuwar Marsandi 380SL. Tawa daga Amurka aka shigo da ita, tasa kuwa daga Jamus. Da mun hau titi sai ya tsere mini kamar ina tsaye, alhali makanikina ya ce injina lafiya lau yake. Ina matsalar take?

Amsa: Kwantar da hankalinka, makanikinka gaskiya ya faɗa maka. Haka motarka ta fito daga kamfani.

Wannan samfurin da ake kira R107, an ƙera shi daga 1971 zuwa 1989. Da 380SL ta fito a Turai a 1980, ƙarfin doki 218 gare ta. Wadda ta shiga kasuwar Amurka a 1981 kuwa, 155 kawai take bayarwa, duk da cewa dukansu injin lita 3.8 ne mai silinda takwas. Dalili shi ne dokar tsabtace iska da Amurka ta tsananta a 1970. Don motar ta tsallake gwajin hayaƙi, sai aka rage matsin da fistin yake yi wa mai da iska, aka sake saitin injin, aka kuma sa matatar hayaƙi a hanyar salansa. Ga kuma zabga-zabgan bamba da doka ta tilasta tun 1974, waɗanda suka ƙara mata nauyi.

Gane bambancinsu ba wuya. Ta Amurka tana da fitilun gaba huɗu masu zagaye, agogon gudunta kuma da mil yake ƙirga. Lambar shasinta tana farawa da WDBBA45. Ta Turai fitilunta masu faɗi ne, bambarta siririya.

To, me za ka yi? Kada wani ya ruɗe ka cewa in an fasa matatar hayaƙi motar za ta kamo ta abokinka. Yawancin bambancin a cikin injin yake, don haka asarar kuɗi da gurɓata iska kawai za ka yi. Abin da ya fi gaggawa shi ne sarƙar tayimin. 380SL 'yan Amurka na 1981 zuwa 1983 da sarƙa mai layi ɗaya suka zo, kuma in ta saki ko ta tsinke, fistin ya daki bawul, sai sauke inji. Ka sa makaniki ya buɗe murfin kan injin ya leƙa. In layi ɗaya ce, a mayar da ita mai layi biyu, kamar yadda kamfanin ya yi daga 1984. Wajen sayen kayan gyara kuma, ka riƙa tafiya da lambar shasi, domin sunan da ke bayan but ba ya wadatarwa.

In gudu ne burinka, nemi 560SL ta 1986 zuwa 1989 mai ƙarfin doki 227, ko 500SL ta Turai. In ba haka ba, riƙe taka da kyau, ka bar wa abokinka tsere.