Sankarar Da Ke Ja Da Baya Idan An Kashe Ƙwayar Cuta

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kashe sankara. Duk da haka akwai wani nau'in sankarar jini da ke warkewa da shi, kuma sanin dalilin haka zai nuna wa ɗalibi yadda kumburi da garkuwar jiki suke cuɗanya.

A shekarar 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka raino wata bakteriya daga tumbin majinyata, wadda daga baya aka raɗa wa suna Helicobacter pylori. Ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, kuma ta yawaita a ƙasashen Afirka.

Idan wannan ƙwaya ta zauna a bangon tumbi, sai fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun garkuwar jiki, su taru don yaƙar ta. Wannan taruwa ita ce kumburi. Dakarun da ake kira T sukan aika wa 'yan'uwansu B saƙon su hayayyafa. To, da yake ƙwayar ba ta fita da kanta, sai yaƙin ya ɗauki shekaru. A jikin mutane ƙalilan, ɗaya daga cikin dakarun B takan sami tangarɗa a ƙwayoyin gadonta, ta yi ta rarrabuwa fiye da kima. Sankarar da ake kira limfoma ta MALT ke nan.

Abin lura shi ne, a matakin farko wannan sankara ba ta iya tsayawa da ƙafarta. Tana dogara ne da saƙon dakarun T, su kuwa ƙwayar cutar ce ke zuga su. A shekarar 1993 Andrew Wotherspoon da Peter Isaacson da abokan aikinsu suka bayar da rahoton majinyata shida da aka kashe wa ƙwayar, sankarar biyar daga cikinsu ta ɓace. A yau akan haɗa magunguna irin su kilaritromaisin da amoksisilin da mai rage tsamin ciki na kimanin kwana 14. Ƙwaya ta mutu, kumburi ya lafa, saƙo ya yanke, sankara ta rasa abin dogaro. Wajen kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na waɗanda aka gano da wuri sukan sami sauƙi, ko da yake hakan kan ɗauki watanni.

Sai dai hanzari ba gudu ba. Idan sankarar ta riƙa har ta daina buƙatar saƙon, dole a koma ga gashin haske ko magungunan sankara. Haka kuma shan waɗannan magunguna barkatai, ba da umarnin likita ba, yana sa ƙwayar ta yi taurin kai, har ta bijire wa kilaritromaisin. Wanda ya saba sayen ƙwaya biyu a kemis duk lokacin da cikinsa ya murɗa, yana dakushe makamin da wata rana zai iya ceton ransa.