Yadda ake haɗa wutar sola a gidan ƙauye

Ƙauyuka da yawa a bayan Kwatarkwashi da gindin duwatsun Tsafe ba su taɓa ganin falwaya ba. A cikin Gusau ma, inda wayoyin Kaduna Electric suka ratsa unguwanni, sai a wuni a kwana ba wuta. Janareto ne yake rufa asiri, har ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, mai ya gagari talaka. Tun daga nan sola ta samu kasuwa. Sai dai yawancin masu kukan sola ta ci musu kuɗi, da kasuwa suka fara, alhali da biro da takarda ake farawa.

A zauna a rubuta duk abin da za a kunna, da yawan wat ɗin da yake ci, da awa nawa zai yi. Misali, ƙwan fitila 5 masu wat 10 na awa 6 sun ci wat-awa 300. Fanka 2 masu wat 60 na awa 8 sun ci 960. Talabijin mai wat 50 na awa 4 ta ci 200, a ƙara cajin waya, jimilla kusan 1,500 ke nan a rana. Dutsen guga da hita da risho na lantarki ba sa shiga wannan lissafi. Dutsen guga ɗaya yakan ci wat 1,000, don haka gawayi ya ci gaba da aikinsa. A gaya wa mutanen gida wannan tun ranar farko, kafin amarya ta jona nata.

Daga nan sai farantin sola. A Zamfara ana samun kamar awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi. Idan aka raba 1,500 gida biyar, an samu wat 300. Amma kada a tsaya nan, domin zafi da ƙura da waya duk suna cin rabonsu. A sayi na wat 450 ko sama. Mutane suna zaton zafin bazara yana ƙara wa faranti ƙarfi. Haske yake so, zafi kuwa rage shi yake yi: duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25, yana asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Shi ya sa ba a liƙa shi a jikin kwano. A ɗaga shi a kan ƙarfe, a bar tazarar da iska za ta ratsa ta ƙarƙashi.

Ina zai fuskanta? Kudu. Gusau tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka ɗan karkatawa na digiri 10 zuwa 15 ya isa. A ƙasashen dusar ƙanƙara tsayar da shi suke yi sosai don ƙanƙarar ta zame ta faɗi. Mu tamu ƙanƙarar hazon hunturu ce, ita kuwa ba ta zamewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu sai an hau an wanke, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Saboda haka a kafa shi inda za a iya kai hannu ba tare da an karya ƙafa ba. A duba inuwa kuma: reshen dogonyaro guda da ya rufe gefe ɗaya yana iya kashe rabin aikin faranti. A ɗaure shi da noti, ba da igiya ko bulo ba, domin iskar hadarin farkon damina da ke yaye rufin makaranta ba za ta ji nauyinsa ba.

Batir ne inda kuɗi ke mutuwa. Wanda aka fi sani, mai ruwa na 12V 220Ah, yana ɗaukar kusan wat-awa 2,600, amma rabi kawai ya kamata a sha. Wanda ke tatse shi kullum har inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ta yi kuka, ba zai daɗe ba zai koma kasuwa. Don lissafinmu na sama, guda biyu sun fi kwanciyar hankali. A ajiye su a inuwa, a ɗaki mai iska, a kan katako, nesa da murhu da wurin kwanan yara, don suna fitar da iskar da ke kama wuta. A riƙa duba ruwansu, a cika da ruwan batir tatacce, ba na rijiya ba. Mai hali ya sayi na litiyam: yana da tsada, amma ana shan kashi 80 cikin ɗari nasa, ba ya neman ruwa, ya kuma fi shekaru. Batir na hannu kuwa, wanda aka goge ya yi ƙyalli, ni dai ba na ba kowa shawarar saye, kuma ba a haɗa sabo da tsoho, don tsohon zai ja sabon ƙasa.

Tsakanin faranti da batir akwai kwantirola. Iri biyu ce: MPPT ta fi PWM tatso wuta, ta kuma fi ta tsada. Wajen jonawa akwai tsari: batir za a fara haɗawa da kwantirola, sannan faranti, sannan inbata, wadda kai tsaye take shiga batir. Wajen kwancewa, faranti ne farko. A sa fis kusa da batir, a yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe, gajera iya yiwuwa. Siririyar waya zafi take yi, daga nan sai gobara. A kuma kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da jikin farantan saboda tsawa. Wannan ɓangare a kira wanda ya iya, a biya shi.

Watan Agusta ne gwajin aikin. Idan marka ta sauka, aka kwana biyu ko uku ba a ga rana sosai ba, a kashe talabijin, a rage fanka, a bar fitila da cajin waya kawai har batir ya sake cika.