Amsar Tambaya: Ciyar da Bakwaini ta Robar Hanci

Tambayar da ta iso wannan fili ita ce ko robar da ake zura wa bakwaini a hanci tana cutar da shi, kuma ko za ta hana shi kama nono daga baya.

Amsa ita ce ba ta hana shi kama nono. Bakwaini, wato jaririn da aka haifa kafin cikinsa ya cika makonni 37, ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda sai wajen makonni 32 zuwa 34, don haka idan aka ɗura masa nono a baki yana iya shaƙewa, nonon ya faɗa huhu. Robar siririn bututu ce mai laushi da ke bi ta hanci ko ta baki har cikin ciki, ana kuma zuba nono ta cikinta da sirinji, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu ko uku, bayan ma'aikacin jinya ya tabbatar bakinta yana inda ya kamata.

Abin da ya fi dacewa a zuba shi ne nonon uwa da ta tatsa, musamman dakashi, wato nonon farko mai kauri, domin yana rage haɗarin wata muguwar cutar hanji da ke kama bakwaini. Zuma da jiƙo ba su da gurbi a nan ko kaɗan. Rungumar jariri a ƙirji, fata da fata, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, tana ɗumama shi, tana kuma ƙara ruwan nono.

Idan ciki ya kumbura, ko amai ya fito kore, ko leɓe ya sauya launi, a dakatar da ciyarwa a kira likita nan take.