Ƙarfen Sitabilaiza: Lissafin Da Za Ka Yi A Wayarka Kafin Ka Sa Mai Kauri

Darasinmu na yau a kan ƙafar mota ne. Matasa da yawa suna ganin bidiyon gyaran motoci a YouTube da TikTok, sai su garzaya garejojin Kakuri ko Television su ce a sa masu sitabilaiza mai kauri. Kafin ka kashe kuɗinka, ɗauko kalkuletar wayarka.

Menene aikinsa?

Sitabilaiza sandar ƙarfe ce da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu. Idan ka sha kwana mota ta karkata, sandar tana murɗewa ta hana ta kwantawa sosai. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, babu abin da take yi.

Yadda za ka auna naka

Goge dattin da ke tsakiyar sandar, ka naɗa zare sau ɗaya, ka auna tsawonsa da rula, ka raba da 3.14. Idan zaren ya ba ka milimita 63, kaurin sandarka milimita 20 ne.

Lissafin kauri

Taurin sandar ba ya tafiya daidai da kaurinta. Za ka raba sabon kauri da tsohon, ka ninka amsar da kanta sau huɗu. A Excel ko Google Sheets rubuta =(22/20)^4, zai ba ka 1.46. Wato ƙarin milimita 2 kacal ya ƙara tauri da kashi 46 cikin 100. Daga 20 zuwa 24 kuwa, taurin ya ninka biyu har da ɗoriya. Wannan lissafin yana aiki ne idan tsawon sandunan da lanƙwasarsu iri ɗaya ne.

Wane ƙarfe?

Da ƙarfen sifirin ake yin sa. Kusan duk ƙarafan wannan dangi taurinsu wajen murɗawa ɗaya ne, bambancinsu shi ne wanne zai daɗe bai tsage ba. Don haka kada mai shago ya ce maka nasa ya fi tauri saboda fentin ja ko shuɗi.

Akwai kuma mai rami a ciki kamar bututu. Mai milimita 25 da bango milimita 4 yana da taurin cikakken ƙarfe mai kusan 23.5, amma ya fi shi sauƙin nauyi da kusan kashi 40.

Idan naka ya karye, kada ka yarda a yi masa walda ko a gasa shi a miƙe. Zafi yana lalata ƙarfen sifirin, kuma daga wurin zai sake karyewa.

Inda haɗarin yake

Idan ka taurara na gaba kawai, motar za ta riƙa ƙin shan kwana, gabanta ya nufi waje. Idan na baya ya yi tauri fiye da kima, bayanta ne zai zame, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta lokacin damina. Ka yi tunanin haka ya same ka da gudu a hanyar Abuja bayan Gonin Gora.

Sannan duk ramin da taya ɗaya ta faɗa, sanda mai tauri za ta kai jijjigar ɗaya ɓangaren. Peugeot 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kakuri a 1975 ta yi suna ne da laushin ƙafa a kan hanya marar kyau, abin da lungunanmu har yau suke buƙata.

Abin da ya kamata ka fara yi

Sau da yawa ƙarar ƙwas-ƙwas daga linkej ne ko bushin da ya cinye, kwanciya a kwana kuma daga shakazoba da ta mutu. Ka sa bakanike ya duba waɗannan tukuna, biyun farko ma kuɗinsu bai kai na sanda ba. Idan har za ka canja, kada ka wuce ƙarin milimita 1 ko 2, ka sayi bushin daidai da sabon kaurin, sannan ka gwada motar a hankali a fili kafin ka ɗauki iyali.