Sentendire: Garin da 'Yan Gudun Hijira Suka Cika da Coci-coci

'Yan'uwana ɗalibai, mu da ke karanta harkar yawon buɗe ido akwai tambayar da ake yawan jefo mana a aji: mene ne bambancin wanda ya je gari ya gani da wanda ya je ya ɗauki hoto kawai? Amsar da na tsaya a kanta ita ce, mai gani yakan yi wa kowane gini tambaya uku. Wa ya gina shi? Da wane kuɗi? Wa ke amfani da shi yau? A wannan darasi zan gwada tambayoyin nan a kan wani ƙaramin gari na ƙasar Hangari mai suna Sentendire, don mu ga abin da za su fito mana da shi.

Garin yana bakin kogin Danub, kimanin kilomita 20 arewa da Budafes, babban birnin ƙasar. Jirgin ƙasa na unguwannin bayan gari, mai lamba H5, yakan kai mutum cikin kamar minti 40. Mutanensa ba su kai dubu 30 ba. Ma'anar sunan a harshensu ita ce Waliyyi Andarawus. Tun zamanin Rumawa akwai sansanin soja a wurin, wanda suke kira Ulcisia Castra, domin kogin shi ne iyakar daularsu ta wannan ɓangare. To amma abin da ke fara ɗaure wa baƙo kai shi ne yawan hasumiyoyin coci a ɗan wannan gari, wasu ma jifa ɗaya ke tsakaninsu. Me ƙaramin gari zai yi da su haka?

Wa ya gina su?

Sai mun koma baya kaɗan. A 1541 Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kama birnin Buda, ta riƙe tsakiyar Hangari kusan shekara 150. A 1686 rundunar sarakunan Ostiriya da ƙawayensu ta ƙwace Buda, ta ci gaba da kora har cikin ƙasar Sabiya, Sabiyawa da yawa kuma suka mara mata baya. Da yaƙi ya juya, Turkawa suka sake kama Belgirad a 1690, waɗanda suka goyi bayan Ostiriya suka ga zama bai kama su ba. Dubban iyalai suka yi hijira arewa bisa jagorancin shugaban cocinsu, Arseniye na Uku. Sarki Liyofold na Ɗaya ya ba su takardar izinin yin addininsu na Otodos ƙarƙashin nasu shugabanni. Wani babban kaso ya sauka a Sentendire, wanda yaƙe-yaƙe suka bari kusan kufai.

Ga inda amsar take. Mutanen nan ba daga gari ɗaya suka fito ba. Kowace ƙungiya ta kama unguwarta, ta gina cocinta, wasu suka raɗa musu sunan garin da suka baro. Shi ya sa za ka ji cocin Belgirad, da cocin Fojarebas, da na Ofobo, da na Cifirobsi, wanda gari ne a Bulgeriya ta yau. Wanda ya san cikin birnin Kano ba zai sha wahalar gane wannan ba: Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, duk sunan unguwa ne ke gaya maka daga ina kakannin masu ita suka zo. Jimlar coci-cocin Otodos da baƙin suka gina a Sentendire bakwai ne. Da katako suka fara, sai a ƙarni na 18 suka rushe suka sake su da dutse da bulo. Mutumin da ke sa ran komawa gida gobe ba ya zuba dukiyarsa a ginin dutse. A ganina, ranar da suka fara aza harsashin nan sun riga sun haƙura da komawa.

Mu bi garin da ƙafa

Idan ka sauka a tasha ka nufi arewa, za ka haye wani ɗan rafi, nan kusa cocin Fojarebas take. Daga nan titi mai daɓen duwatsu zai kai ka babban dandalin gari, wanda suke kira Fo Ter. A tsakiyarsa akwai gicciyen ƙarfe a kan ginshiƙin dutse. Ƙungiyar fataken Sabiyawa ce ta kafa shi a 1763, don godiya da annoba ta tsallake garin. Ka lura da wanda ya biya: 'yan kasuwa. Gidajen da ke kewaye da dandalin ma nasu ne, shago a ƙasa, wurin kwana a sama.

A gefen dandalin cocin Bilagobestenska take, wato cocin Albishir, wadda aka gina a 1752. Jama'a na ce mata cocin Girkawa, saboda fataken Girka da suka zauna a wannan layi. A nan nake so ɗaliban zanen gine-gine su buɗe ido. Daga waje ginin salon barok ne, mai lanƙwashe-lanƙwashe da ado a ƙofa da hasumiya, irin wanda ake yayi a Ostiriya a lokacin. Sai ka shiga ka tarar da wata duniya daban. Akwai dogon shingen katako da ya raba wurin jama'a da bagadi, an cika shi da hotunan waliyyai jeri bisa jeri, ga ruwan zinariya. Ba za ka ga molon iska irin na cocin Katolika ba, don 'yan Otodos da murya kaɗai suke waƙar ibada. Ka ga ke nan, a waje sun yi shiga irin ta masu masaukinsu, a ciki sun riƙe abin da suka zo da shi.

Daga dandalin, wani siririn lungu mai matakala zai hau da kai Tudun Coci. A can cocin Katolika ta Yahaya Mai Baftisma take, kuma ita ce ginin da ya fi kowanne tsufa a garin, don tushenta ya kai ƙarni na 13, tun kafin zuwan Turkawa da Sabiyawa. A jikin bangonta akwai tsohon agogon inuwa, wanda ke nuna lokaci da hasken rana. Daga farfajiyarta ake hangen jajayen rufin gidaje da kogi. Wannan ne wurin da ya fi dacewa a tsaya a ƙirga hasumiyoyi.

Bayan tudun kaɗan, cikin bishiyoyi, za ka ga hasumiya mai jan fenti. Cocin Belgirad ce, an gina ta tsakanin 1756 da 1764, ita ce babbar cocin bishof ɗin Sabiyawa na yankin Buda. Kusa da ita akwai gidan adana kayan tarihi na cocin, inda aka tara hotunan waliyyai da rigunan limamai da littattafai, wasunsu daga coci-cocin ƙauyukan Hangari da masu ibada suka ƙare a cikinsu.

In ka gangaro wajen kogi, akwai wani gicciye a ɗan fili, na tunawa da Sarki Lazar, wanda aka kashe a yaƙin Kosobo na 1389. Lokacin hijirar 1690 'yan zuhudu sun ɗauko gawarsa suka zo da ita nan, ta zauna a wata cocin katako a wannan wuri kafin a mayar da ita kudu a 1697. Mutanen da ke gudun ceton rai, amma suka ɗauki ƙasusuwan sarkin da ya mutu shekara 300 kafin su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da suka ɗauka da daraja.

Can arewa kuma cocin Fireyobrajenska ce, wadda majema suka gina tsakanin 1741 da 1746. A harabarta Sabiyawa ke taron bikinsu duk ranar 19 ga Agusta. Me ya sa 19, alhali sauran Kiristocin Yamma na yin wannan idi ranar 6? Saboda cocin Sabiya na bin tsohuwar kalanda, wadda yanzu take baya da kwana 13.

Da wane kuɗi, kuma wa ke ciki yau?

Tambaya ta biyu ta riga ta amsa kanta: fatauci a kan kogin Danub, jima, da gonakin inabi a tuddan da ke bayan gari. Da waɗannan suka ja baya, garin ma ya ja baya. Ambaliyar 1838 ta yi ɓarna, sannan wajen shekarun 1880 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi, wanda ya shigo Turai daga Amurka, ya gama da gonakin. Sabiyawa suka riƙa raguwa, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma wasu suka koma ƙasar kakanninsu. Yau 'yan tsiraru ne suka rage. Cikin coci bakwai ɗin, huɗu ne ke hannun 'yan Otodos. Biyu sun koma na Katolika, ciki har da ta Cifirobsi da yanzu ake kira cocin Bitrus da Bulus, ta Ofobo kuma Furotestan ke ibada a cikinta.

Abin mamaki, talaucin nan ya taimaka wajen tsare garin. Da babu kuɗin rushewa a yi sabo, tsofaffin tituna suka zauna yadda suke. Wannan ya ja hankalin masu zane, suka kafa zangonsu a garin a shekarun 1920. Daga baya gidajen nune-nune suka biyo, kamar na Margit Kobac, gwanar aikin yumɓu, wanda aka buɗe a 1973. A bayan gari kuma akwai Iskanzen, wani fili da aka kafa a 1967, inda aka kwaso gidajen ƙauye daga sassan Hangari aka sake haɗa su.

Ga ƙari don 'yan injiniya. Garin na bukatar kariya daga ambaliya, amma doguwar katanga za ta toshe kogin da baƙi ke zuwa kallo. Sai suka yi bango na tafi-da-gidanka mai tsawon mita 333: faranten alminiyum da ake jerawa tsakanin ginshiƙai idan ruwa ya taso, a kwashe idan ya janye. A watan Yunin 2013 Danub ya yi cikar da ba a taɓa auna irinta a Budafes ba, bangon kuwa ya riƙe.

Ladabin shiga

Ko kai Musulmi ne ko Kirista, ka tuna wuraren nan ɗakunan ibada ne kafin su zama wurin kallo. A sa sutura ta mutunci, a rage murya, namiji ya cire hula, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada kuma a tsallaka bayan shingen hotuna. Ba kowace coci ke buɗe kullum ba, wasu kuma sai an biya ɗan kuɗin shiga, don haka mai shirya wa baƙi tafiya ya bincika tun kafin rana.

Ga aikin gida ga mai sha'awa. A hutun nan ka zaɓi tsohon gini ɗaya a garinku, masallaci ne, coci ce, ko tashar jirgi, ka yi masa tambayoyin nan uku. Ka nemi dattawan unguwar tun suna raye, ka rubuta abin da suka faɗa, ka kawo wa wannan mujalla mu karanta a fitowa ta gaba.