Lissafin Kwale-kwale Kafin Mu Shiga Ajin Fiziks



Mu 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, baɗi in Allah ya kai mu za mu shiga SS 1. Da yawanmu muna son ajin kimiyya, amma kullum yayyenmu suna tsorata mu da Fiziks. Sai muka ari littafin rubutun ɗaya daga cikinsu muka duba inda aka sa masa jan biro. Kusan duk kuskuren na lissafi ne, irin wanda ake koya mana yanzu muna hamma. Shi ya sa muka ɗauko misalai daga bakin kogi, tunda babu ɗan Yauri da bai san kwale-kwale ba.

Mu ce jirgi mai inji ya tashi daga Yelwa, ya yi kilomita 6 cikin minti 20. Mene ne gudunsa? Da muka gwada da farko, sai muka raba 6 da 20 muka samu 0.3, muka ja layi biyu a ƙasa muna murna. Yayanmu ya tambaye mu, "0.3 na me?" Muka yi tsuru-tsuru. A Fiziks lamba ba ta tafiya ita kaɗai, sai da ma'auninta, kuma an fi auna nisa da mita, lokaci da sakan. Kilomita 6 mita 6,000 ne. Minti 20 kuwa 20 × 60, wato sakan 1,200. Idan aka raba 6,000 da 1,200 za a samu 5. Jirgin yana cin mita 5 a kowane sakan, ana rubuta shi 5 m/s. Wanda yake son amsar a kilomita cikin awa sai ya ninka da 3.6, ya samu 18.

Fomular da muka yi aiki da ita ita ce: gudu = nisa ÷ lokaci. Amma a jarrabawa ba kullum ake tambayar gudu ba. Wani lokaci lokacin ake nema, sai a juya ta koma: lokaci = nisa ÷ gudu. Ba haddace wannan ake yi ba. Alamar "=" kamar sikelin mai sayar da kifi take, abin da ka yi wa gefe ɗaya dole ka yi wa ɗayan. Ka ninka gefen biyu da lokaci, sannan ka raba su da gudu, shi ke nan ta juyu.

Yanzu a sa ruwa cikin lissafin. A ce kogin yana gangarawa da gudun mita 1 a sakan. Idan jirginmu yana bin ruwa, gudunsa 5 + 1 = 6. Idan yana haurawa sama, ruwan na tura shi baya, sai ya zama 5 − 1 = 4. Ga amfanin lambobi masu alamar ɗebewa da muke ƙorafi a kansu. Gangarawa: 6,000 ÷ 6 = sakan 1,000. Haurawa: 6,000 ÷ 4 = sakan 1,500. Zuwa da dawowa sakan 2,500 ke nan. Da a ruwa mai tsaye ne, kamar tsakiyar tafki ranar da babu iska, sakan 2,400 zai yi. Mun ɗauka abin da ruwa ya ba ka a tafiya shi zai karɓe a dawowa, a tashi canjaras. Ashe ya fi karɓa, domin ka fi daɗewa kana fama da shi. Mun yi gardama a kan wannan har aka kaɗa ƙararrawa.

Manyan lambobi ma suna nan. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968 kuma ta haifar da tafkin da muke zaune a bakinsa, an tsara injinanta su ba da megawat 760. Wat 760,000,000 ke nan, a taƙaice 7.6 × 10⁸. Ƙirga gurabe kawai ake yi daga bayan 7, su takwas ne. (Mun yi wannan lissafin da fitilar waya, amma wannan wani zance ne.)

Lissafin da ya fi taɓa mu shi ne na lodi. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Wani masani na ƙasar Girka mai suna Arkimidis ya gano tun fiye da shekara 2,000 cewa abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Ma'ana, duk kilo ɗaya da aka ƙara wa jirgi, sai ya ƙara nutsewa har ya ture wata lita ɗaya. A ce jirgi zai iya ture lita 3,000 kafin ruwa ya kai bakinsa, shi kansa da injinsa kuma kilo 800 ne. Saura kilo 2,200. Aka loda buhun shinkafa 20, kowane kilo 50, an cinye 1,000. Saura 1,200. Idan kowane fasinja kilo 60 ne, 1,200 ÷ 60 = mutum 20. A wannan adadin ruwa ya riga ya zo daidai baki, igiyar ruwa ɗaya ko mutum biyu su matsa gefe guda ta isa. Don haka adadin da ya dace ya yi ƙasa da 20 sosai, balle ranar kasuwa da ake ƙara babur da buhunan albasa, ana cewa "a matsa, saura mutum ɗaya".

Mutanen yankinmu ba su manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka rasa rayuka masu yawa. Rahotanni sun ce lodi ya yi masa yawa. Allah ya jiƙansu da rahama. Ɗebewa da ninkawa da rabawa ne kawai a cikin lissafin da muka yi a sama, ɗan aji ɗaya ma zai iya.

Ga tambayar wannan mako. Jirgi yana gudun mita 4 a sakan a ruwa mai tsaye. Zai haura kogi kilomita 3, ruwan kuma yana gangarowa da mita 1 a sakan. Sakan nawa zai yi, kuma minti nawa ke nan? A rubuta amsa da yadda aka same ta, da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Amsar da ta zo babu ma'auni ba za mu karɓa ba.